Jirgina yana karkata hagu shi kaɗai a DCS, dan Allah wa ya iya saita joyistik da totur?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an yini lafiya, ya ruwan nan da ya ƙi ɗaukewa. Dan Allah duk wanda ya taɓa saita joyistik, wato sandar tuƙi, da totur a DCS World, wasan kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi a kwamfuta, ya taimaka min, yau kwana 5 kenan ina fama da abu ɗaya har na fara tunanin goge wasan daga kwamfuta bayan duk datan da na ƙona wajen sauke shi.

Ni a Agege nake, muna da shagon kayan masarufi ni da yayana, kuma wanda ya san unguwar nan ya san jirage ta saman kanmu suke bi idan za su sauka filin Murtala Muhammed, tun ina ƙarami nake ɗaga kai ina kallon yadda suke fito da tayoyi, to daga nan son abin ya shiga raina. Da wani wasan yaƙi mai suna War Thunder nake bugawa da maus da kibod, sai wani abokina yace min in ina son in ji yadda tuƙin jirgi yake da gaske in gwada DCS tunda kyauta ne kuma suna bada jirgi biyu, Su-25T da TF-51D. Na tara kuɗi na je Computer Village na samo sandar Logitech Extreme 3D Pro tokunbo, shi kuma abokin nawa ya sayar min da totur ɗinsa Thrustmaster TWCS da zai koma Kano.

Ga abinda yake faruwa. Na ɗauki Su-25T a taswirar Caucasus, ina kan titin jirgi a Batumi, idan na tura totur gaba injin zai ɗauka sai kuma in ji ya sauka da kansa ya sake hawa kaman wani yana wasa da shi a bayana. In Allah ya taimaka na tashi sama, to jirgin sai ya fara kwanciya ɓangaren hagu hancinsa yana yin ƙasa alhali ban taɓa komai ba, idan kuma na ɗan taɓa sandar kaɗan don in gyara sai ya fizge da ƙarfi ya wuce inda nake so, ina gyara hagu yana tafiya dama har in faɗa teku. Sau ɗaya ban taɓa sauka lafiya ba.

Sai matsala ta biyu, jerin abubuwan da ake sakawa a maɓallai yana da tsawo sosai wlh, na zauna dare guda na cika duk maɓallai 12 na sandar da na jikin totur, washegari ban iya tuna ko rabinsu ba, ina son harbi sai tayoyi su fito.

Shin sandar ce ta lalace in mayar wa mai ita tun kwanakin da ya bani basu ƙare ba? Sannan wannan Deadzone da Curvature da nake gani nawa ake sakawa? Kuma me ya kamata ya zauna a sanda, me zai zauna a totur, me za a barwa kibod? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyara Ikeja:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka koma wajen mai kaya tukuna, ina kyautata zaton sandarka lafiyarta ƙalau, amma bari mu tabbatar kafin mu ɗora mata laifi. Rufe wasan gaba ɗaya, ka danna maɓallin Windows tare da R ka rubuta joy.cpl, zai nuna maka duk abinda ke jone da kwamfutar, ka zaɓi sandar ka shiga Properties. Zaka ga ɗan akwati da alamar kuros a ciki. Saki sandar ka ɗauke hannunka daga teburin ma, ka zuba ido. In kuros ɗin ya zauna a tsakiya ko yana ɗan rawa kaɗan a wajen, babu komai. In kuma ya tafi can gefe ya zauna ko yana tsalle daga nan zuwa can, to sai muyi maganar gyara. Haka zaka yi wa totur ɗin, ka tura a hankali daga ƙasa har sama ka ga layin yana tafiya sumul.

Abinda nake zargi shine direba biyu ne a sitiyari ɗaya. Shi DCS duk na'urar da ya gani a jone yana ɗaukarta a matsayin joyistik, sai ya bata Pitch (ɗaga hanci da sunkuyar da shi) da Roll (kwanciyar fiffike) da Rudder (juya hanci hagu da dama) da Thrust (ƙarfin inji) tun kafin ka taɓa komai, don wanda yake da sanda ɗaya tak ya samu ya tashi nan take. To kai kana da biyu. TWCS ɗin nan akwai wata 'yar ƙaramar sanda a gabansa da ake juyawa da yatsa, ita ma X da Y take bayarwa irin na babbar sandar, kenan ita ma tana tuƙa jirgin, da yatsanka ya ɗan jingina da ita shikenan jirgi ya kwanta. Sannan Extreme 3D Pro yana da nasa ɗan totur a gindi, ga kuma babban totur, kowanne yana gaya wa injin tasa maganar, shi yasa kake ji yana hawa yana sauka. In akwai pad na wasan ƙwallo a jone shima yana cikin lissafi.

Shiga Options, Controls, a sama ɓangaren hagu ka tabbatar Su-25T ka zaɓa domin kowane jirgi da nasa saitin daban, mutane da yawa suna ɓata awa guda suna saita jirgin da ba shi za su tuƙa ba. Sai ka shiga Axis Assign. Zaka ga kowace na'ura da layinta daga sama zuwa ƙasa. Ni shawarata ka share kowane layi tas da Clear Category, sannan ka fara da hannunka: Pitch da Roll da Rudder a layin sanda kaɗai, Thrust a layin totur kaɗai. Ka lura akwai Thrust Left da Thrust Right tunda jirgin inji biyu gareshi, barsu babu komai, wanda aka rubuta Thrust kawai zaka ɗauka. Dokar ita ce in ka bi layi daga hagu zuwa dama kada ka ga abu biyu a ciki.

Idan ka shiga jirgi ka danna Ctrl na dama tare da Enter, wani ɗan jan akwati zai fito a ƙasan allo yana nuna ainihin abinda wasan yake karɓa daga hannunka. Wannan akwatin shine mai raba gardama, in ka saki komai ka ga alamar ta tsaya a tsakiya to saiti ya yi.

Maganar Deadzone kuma, sandarka da irin bolum ɗin rediyo take aiki a ciki, abu ne da yake gugar juna, da tsufa da ƙura da kuma danshin Legas ɗin nan yakan fara rawa a tsakiya. Deadzone yana cewa wasan ya yi watsi da wannan 'yar rawar. Fara da 2 ko 3 a Axis Tune, ka dinga ƙara ɗaya ɗaya har rawar ta ɓace ka tsaya nan, in ka kai 10 kana buƙatar ƙari to ba saiti bane kuma, buɗewa za a yi a fesa abin wanke bod. Dan Allah kada ka zuba masa man keke ko man inji, an sha kawo min irin haka kuma daga nan sai dai canjin bolum. Masu sensa mai maganaɗisu irin T.16000M basa gugar komai a gaba da baya da hagu da dama shi yasa basu cika buƙatar Deadzone ba, amma taka ma zata yi maka aiki sosai.

Kawu Obalende:

Sannu ɗana, naji daɗin ganin yaro daga Agege yana wannan harka. Ni tun zamanin tsohon wasan Lock On nake tuƙa jiragen kamfanin nan na Eagle Dynamics masu DCS, kuma Su-25T ɗin da kake fama da shi a Flaming Cliffs, ƙarin da aka yi wa Lock On, aka fara kawo shi a 2005, na daɗe da shi. Duk abinda Malam mai gyara ya faɗa haka yake, ka fara da shi. Amma ina so ka sani tun yanzu don kada ranka ya ɓaci: ko ka share komai tas, jirgin nan ba zai tafi a miƙe ba idan ka sake shi. Ba lalacewa bace, halinsa ne.

Su-25T babu kwamfutar da take riƙe maka shi irin na F-16 ko F/A-18. In ka ƙara gudu hanci zai ɗaga, in ka rage zai sunkuya, in ka sauke filaf, wato ƙarin fiffike na tashi da sauka, ko tayoyi ya canza, in ka harba makami ɗaya daga fiffiken dama to hagu ya fi nauyi sai ya kwanta can. Maganin wannan shine tirim. Ka ɗauka kaman motar da take ja gefe ɗaya kana ta riƙe sitiyari da ƙarfi, to tirim shine abinda zaka ɗan danna ya karɓi wannan riƙon daga hannunka. Matuƙin gaske kusan kullum babban yatsansa yana kan tirim. A kibod yana kan Ctrl na dama tare da waƙafi da ɗigo da maƙwabtansu, wanda ba mai iya nemo su yana tsakiyar juyi, don haka dole ya dawo kan sanda, kan wannan 'yar hular da ke saman kai mai zuwa kusurwa takwas. Wasan ya bata aikin waige-waige tun asali, ka cire ka bata tirim: gaba hanci ƙasa, baya hanci sama, hagu da dama kwanciyar fiffike. Ɗan taɓawa ake yi, tak tak, a jira a gani, ba a dannewa a riƙe.

Fizgar da kace yana yi kuma dalilinta tsawon sanda ne. Ta jirgin gaske daga ƙasa take tasowa tsakanin ƙafafun matuƙi, hannu sai yayi tafiya mai nisa kafin jirgi ya juya sosai, taka kuwa bata wuce tsawon tafin hannu da kaɗan ba, motsi kaɗan ya zama babba. Curvature yana tausasa tsakiyar, sai ya tara ƙarfin a ƙarshe. Ni ina saka 20 a Pitch, 15 a Roll, a Rudder kuma 25 saboda murɗa sanda ake yi kuma mutum yana murɗawa bai sani ba idan ya ja da ƙarfi, shi Rudder ɗin ma ka ɗan ƙara masa Deadzone fiye da sauran, kaman 5. Kada ka wuce 30, in ka wuce tsakiya zata mutu ƙarshe kuma ya zama fizga wadda tafi ta farko. Saturation Y ka barshi a 100, in ka rage to ka yanke wa jirgin iyakar juyinsa ne, ranar da kake buƙatar ja har ƙarshe don kauce wa dutse ba zaka samu ba. Shi kuma totur babu ruwansa da Curvature ko Deadzone, a miƙe ake barinsa.

Yanzu maganar maɓallai, wadda a ganina ita ce tafi muhimmanci a tambayarka. Kuskuren da kayi kowa ya yi shi, cika maɓallai kafin a san aikinsu. Ma'anar HOTAS da kake gani a kwali ita ce hannu ɗaya a totur ɗaya a sanda ba a ɗagawa lokacin faɗa, to tambayar da zaka yi wa kowane abu ita ce: shin ina buƙatarsa a lokacin da idona ba zai iya barin allo ba? In amsar a'a ce, kibod ne gidansa. Kunna lantarki Shift na dama da L, tada injuna Shift na dama da Home, rufe murfi Ctrl na hagu da C, duk a ƙasa ake yinsu jirgi na tsaye, me zai kai su sanda? Tayoyi G, filaf F, lemar birki P, sau ɗaya ko biyu ake taɓa su a tafiya guda, su ma su zauna inda suke. Bana son tayoyi a kusa da kunamar harbi ko kaɗan.

A sanda ka saka harbi a kunama, kulle abin hari a babban yatsa, canza makami, canzawa zuwa igwa, sai tirim a hula. Biyar kenan, ka tsaya. A totur ka saka birkin iska, sakin filaya na kauce wa makami mai bin zafi, kunna Shkval wato kyamarar hancin jirgin, kunna leza, da zuƙowa da nisantawa na kyamarar. Ita kuma 'yar sandar yatsa da Malam yace tana tuƙa maka jirgi, aikinta na gaskiya shine jan idon Shkval zuwa kan tanka, a Axis Assign zaka ga layukan da aka rubuta Slew, ɗaya na kwance ɗaya na tsaye, can zaka kaita, ka bata Deadzone kaman 8 zuwa 10 don kada idon ya dinga zamewa shi kaɗai.

In maɓallai sun ƙare daga baya akwai Modifiers a ƙasan shafin, ka zaɓi maɓalli ɗaya da ɗan ƙaramin yatsanka yake kaiwa a totur ka maida shi kaman Shift, duk abinda ka danna kana riƙe da shi sai ya bada aiki na biyu, hula ita kaɗai tirim, hula da shi waige. Amma ba yanzu ba. Ka yi sati guda ba ka harba komai, tashi daga Batumi, zagaya, tirim, sauka, sake tashi. Ka zana sandar da totur ɗin a takarda ka rubuta aikin kowane maɓalli ka manna a gefen allo. Duk ranar da ka ga hannunka ya tafi kibod sau uku neman abu ɗaya a sama, to wannan abin ya cancanci maɓalli, sai ka bashi.

Ɗan Agege:

Allahu akbar, Malam mai gyara kaman kana ɗakin. Na duba joy.cpl kuros ɗin yana tsakiya, rawa kaɗan ce kawai, kuma abubuwa UKU na gani a jone, ashe pad ɗin ƙanina na wasan ƙwallo yana maƙale a bayan kwamfutar tun watan jiya, shima an bashi Pitch da Roll, ga 'yar sandar totur ita ma. Na share duka na sake sakawa, Deadzone 3 ya isa. Kawu nagode ƙwarai Allah ya ƙara girma, na mayar da tirim kan hula, wlh karon farko kenan da na saki sanda jirgi ya tafi a miƙe kusan minti guda, har na samu na kalli duwatsun.

Sai dai abu biyu. Da na saka Thrust da hannuna sai ya zama a juye, in na tura gaba injin yana mutuwa in na ja baya yana ihu. Na biyun kuma shi yafi tada min hankali, jiya da dare aka ɗauke wuta ina tsakiyar tashi, da aka tada janareto na kwashe kayan na koma falo kusa da soket na sake jonawa, ina buɗe wasan na tarar layin totur fayau babu komai, duk aikin da nayi ya tafi, amma na sanda yana nan. Haka zan dinga sakewa duk ranar da aka ɗauke wuta?

Mai Gyara Ikeja:

Na farkon mai sauƙi ne, danna kan Thrust ɗin, Axis Tune, ka saka alama a Invert, ka saka a Slider ma tunda totur bashi da tsakiyar da yake komawa, daga sifili yake zuwa ƙarshe.

Na biyun aikinka bai tafi ko ina ba. DCS yana ajiye saitin ne a foldar Saved Games, cikin DCS, Config, Input, sai foldar jirgin, sai joystick. Kowane fayil a ciki sunan na'urar ne da wata doguwar lamba, ƙarshensa diff.lua. Windows ne yake bada lambar, kuma wani lokaci in ka canza ramin USB sai ya ɗauka sabuwar na'ura ce ya bata sabuwar lamba, wasan ya nemi fayil mai wannan lambar bai gani ba sai ya baka layi fayau. Koma Controls, danna kan layin totur, Load profile, ka nuna masa tsohon fayil ɗin, komai zai dawo.

Daga yau ka kwafi foldar Input ɗin gaba ɗaya ka ajiye a filash, duk sanda ka canza wani abu mai muhimmanci ka sake kwafa. Sannan ka manna ɗan selotef a kan wayoyin ka rubuta 1 da 2, ramukan ma haka, kowa ya dinga komawa raminsa. Ka jona su kafin ka buɗe wasan, kuma kai tsaye a bayan kwamfuta, ƙananan hob ɗin nan na ƙara ramukan USB marasa wutar kansu suna sa maɓalli ya danna kansa idan wuta ta yi ƙasa. Ka shiga Power Options ma ka kashe USB selective suspend don kada Windows ya sa totur ɗin barci kana sama. In da hali ka nemi ɗan UPS ko da na minti goma ne, ba don wasan kaɗai ba, sauyin nan daga wutar gari zuwa janareto shi yake kawo min rabin kwamfutocin da nake gyarawa.

Matuƙin Mile 12:

Salam. Kawu da girmanka amma ni ban yarda da maganar Curvature ɗin nan gaba ɗaya ba. Nima da 25 na fara, hannuna ya saba da taushin tsakiya, ranar da na fara bin wani jirgi a baya ina ja sosai sai in shiga wajen da layin ya miƙe tsaye jirgin ya fizge in rasa gudu, na daɗe ban gane daga ina bane. Da na sauke zuwa 10 a Pitch na bar Roll a sifili sati biyu na wahala amma yanzu duk inda na kai hannu nasan abinda zan samu. Ni dai a ganina ya fara da 15 ya dinga ragewa duk sati, kada ya zauna a 20 har abada.

Ɗan uwa Ɗan Agege, abinda ba a faɗa maka ba shine tunda ka bawa tirim hula yanzu da me zaka waiga? Kada ka ce sai ka sayi TrackIR, na'urar bin motsin kai, akwai manhajar opentrack kyauta ce, da kyamarar kwamfuta ta yau da kullum yake bin motsin kanka, ka juya kai kaɗan kallo ya juya cikin jirgin. Sai dai yana son haske a fuska, in da fitilar caji kake zaune da dare ka ajiyeta a gabanka ba a bayanka ba. Ka ware maɓalli ɗaya na maido da kallo tsakiya, zaka dinga buƙatarsa.

Kuma in ka gama da Su-25T ka gwada JF-17, irin wanda sojojin samanmu suka karɓi guda 3 a Makurdi a 2021, Deka Ironwork ne suka yi shi a DCS, akwai L-39 ma irin na koyon tuƙi a Kano. In daga shafin Eagle Dynamics ka sauke wasan suna bari ka gwada jirgi kyauta na kwana 14. Amma ka sani shi JF-17 ana danna maɓallan cikin jirgin da maus, saitinsa daban ne kwata kwata, daga farko zaka fara, ka sake share layukan nan kaman yadda Malam ya nuna maka domin duk sabon jirgi da nasa direbobin biyu yake zuwa.

Kawu Obalende:

Ɗana na Mile 12 maganarka tana kan hanya, ragewa a hankali daidai ne, nima a jiragen da kwamfuta ke riƙewa bana wuce 10. Sai dai shi yanzu sauka yake nema ba bin wani a baya ba, kuma sandarsa gajeriya ce mai sifirin mai taushi, ya bar 20 ɗin har ya sauka sau goma a jere ba tare da fasa taya ba, sannan ya fara ragewa biyar biyar. Abu ɗaya nake roƙo, kada ya canza lamba biyu a rana ɗaya, in ba haka ba ba zai san wacce ta gyara wacce ta ɓata ba.

TF-51D ɗin nan ma kada ka raina shi don bashi da bindiga, farfelarsa tana jan jirgi hagu lokacin tashi sai ka bashi Rudder na dama, nan ne zaka gane ko murɗa sanda ya isheka ko zaka mayar da Rudder kan abin lilon da ke gaban TWCS ɗin, wanda ake dannawa da yatsu hagu da dama. Mutane da yawa sun fi sonsa saboda hannun dama ya huta da murɗa. In ka mayar can ka tuna ka cire na sandar.

Ɗan Agege:

Alhamdulillah Load profile ya dawo da komai, Invert ma ya gyara totur, na kwafi foldar a filash na manna selotef a wayoyi. Yau bayan mun rufe shago na sauka a Batumi sau biyu, na farko na fasa tayar hagu don na taka birki da wuri, na biyu lafiya lau har lema ta buɗe na tsaya kafin ƙarshen titi. Na bar 20 ɗin kaman yadda Kawu yace, Rudder kuma na mayar kan abin lilon totur na cire na sanda, yafi min daɗi sosai a ƙasa wajen juya tayar gaba. Yaya na Mile 12 na sauke opentrack amma kallon yana gudu da yawa har kaina ya fara juyawa, in ka samu lokaci dan Allah ka turo min lambobin da kake amfani da su na hagu da dama da na sama da ƙasa, kyamarata a saman allo take, tazarar hannu ɗaya daga fuskata.